Keken Jariri a Ƙofar Laburare

A ƙofar wani laburare a birnin Aarhus, inda iyaye kan bar jarirai su yi barci a waje, Ditte ta tarar da wata tsohuwa tana jijjiga keken ɗanta.

"Iya, lafiya?"

"Kuka yake ta yi. Ina kika shiga?"

"Ina ciki ina karatu. Digiri biyu na haɗa, shari'a da jinya."

"Biyu? Wa ya aike ki?"

"Ubansa ya tafi. In ɗaya bai ciyar da mu ba, ɗayan zai ciyar."

"Wa ke riƙe miki shi?"

"Keken nan."

"Ni ma ba mai jirana a gida. Gobe ki bar mini shi."

"Ban san ki ba, Iya."

"Shi ai ya san ni. Ji yadda ya yi shiru."