Hadari a Gilashin Waya

A rumfar wani mai gyaran waya a kasuwar Gusau, wani tsoho da wani magidanci suna zaune a benci suna jiran layi.

"Baba, taka ma gilashin ne ya fashe?" in ji magidancin.

"Shi ne. Jikata ta yar da ita. Ka ga baƙin tabon nan? Kullum ƙara yaɗuwa yake."

"Gara da ka kawo ta. In ya rufe fuskar, ba abin da za ka ƙara gani. Wannan hoton fa?"

"Gonata ce a Kucheri, lokacin gero ya fara fid da kai. Tun da rashin tsaro ya taso mu, ban sake taka ta ba."

"Allah ya kawo sauƙi. Me ya hana ka gyara da wuri?"

"Dubi inda tabon ya tsaya, saman tsamiyar nan. Can ne gabas, daga can hadari ke taso mana. Kowace safiya in na duba, sai in ga ya ƙara haɗowa."

Magidancin ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo.

"Haka yake yi mana a Kekun Waje. Iska ta fara kaɗa geron, sannan ka ji ƙamshin ƙasa. Ni ma gonata tana can, ciyawa ta cinye."

Mai gyara ya ɗago kai. "Baba, miƙo wayar."

Magidancin bai sake ta ba.

"Fara da tawa," ya ce. "Ta Baba a bari tukuna, ruwa ya kusa sauka."