Godiyar Darlene

A wata tashar bas a birnin Cleveland na Amurka, ranar jajibirin Bikin Godiya da ake yi shekara-shekara, Darlene na zaune rungume da daskararren talo-talo, sai dattijon da ke gefenta ya leƙo.

"Kyautar kamfani ce ko?"

"Ita ce. A shekara ana tatsar mutum, sannan a sallame shi da tsuntsu."

"Ku kun ma samu. Mu kek ɗin kabewa aka yanka mana a walimar ofis, siriri har kana hango na gabanka ta ciki. Wai kuma kowa ya miƙe ya faɗi abin da yake godiya a kai."

"Har ku? Me ka ce?"

"Na ce lafiya. Ƙarya na yi, gwiwar nan ta daɗe da yin yaji. Ke fa?"

Darlene ta gyara wa talo-talon zama a cinyarta. Tun da rana abin ke cin ta, ga shi Allah ya kawo wanda bai san kowa a ofishinsu ba.

"Ni ce sakatariya, duk maganar manya ta kunnena take bi. Na ɗan kurɓi giya, na miƙe na ce ina gode wa Allah da za a yi wa manajanmu ritaya a Janairu, mu huta."

"An yi dariya?"

"Har da masu riƙe ciki. Yanzu ban san da wane ido zan koma ranar Litinin ba."

"Wasa ne ai, 'yata. Shi ma ya dara ko?"

"Bai dara ba, Baba. Ashe manyan ba su gaya masa ba tukuna."