Turken da Aka Kafa wa Rumfa

A tashar Kaloleni, Nyevu na rungume da gorar bammi, sai wani dattijo mai littafin coci a hammata ya zauna kusa da ita.

"Mama, biki za a je?"

"Kufan gidanmu zan je. Jikata ta haihu, zan zuba wa kigangon babana ya ji labari. Ka san kigango, turken da aka sassaƙa wa mamaci, ba ya tashi da mutane."

"Haba! Ki hau mota don gaida itace? Ni tun ina saurayi na bar wannan shirmen."

"To madalla. Ka tumɓuke na gidanku ke nan?"

"Wa ya ce? Da zan ƙara ɗaki dai, na karkatar da katanga na kauce masa. Da ruwa ya fara cinsa kuma, na ɗan kafa masa kwano biyu. Don tsafta kawai."

Nyevu ta kwashe da dariya.

"Ni da na yarda, ubana na tsaye cikin ruwa. Kai da ba ka yarda ba, naka har da rumfa!"

Dattijon ya waiga hagu da dama, ya zaro wata 'yar roba, ya rage murya.

"Mama, ɗan tsiyaya min a robar nan. Tsohon ya shekara bai ɗanɗana ba."