Malam Abdulƙadiri da Damin Baƙo

Jawabin Malam Mainasara Tursa a ƙofar gidan marigayi Malam Abdulƙadiri, Wurno, ranar addu'ar arba'in, 1957

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Uban ƙasa, Allah shi daɗe da ranka. Alƙali da liman, Allah shi gafarta maku. Hakimmai da dattawan Rabah da Goronyo da kunka taso tun da sassafe, sannunku da hanya. Inna Kulu, uwar gidan Malam, da Lawwali da Hassana ɗiyanai, da ku 'yan'uwana ɗalibansa, assalamu alaikum.

Da anka ce ni za ni magana, Inna Kulu ta aiko kirana. Tac ce, "Mainasara, na san bakinka. Ka hwaɗi abin da duk kag ga dama, amma kada ka tona mani rumbu gaban jama'a." Na amsa mata. Sai dai Inna, ki yi haƙuri, yaya za a yi maganar Malam ba a ambaci rumbu ba? Zan kewaya shi, ba ni leƙawa ciki.

Ya kasance malaminmu na lissafi a makarantar horon malamai. Ranar da munka fara zama gabansa, ya buɗe littafin da Turawa sunka aiko, ya karanta muna tambaya kan jiragen ƙasa biyu da sunka taso daga garuruwan da ko sunansu ba mu iya kamawa. Yad dube mu yac ce, "Wa at taɓa ganin jirgin ƙasa cikinku?" Mutum guda yaɗ ɗaga hannu, shi ma daga baya munka gane ƙarya shike. Malam yar rufe littafin yac ce, "To ku ɗauko igiya, mu tahi inda lissafi ka kwana."

Ya kasance mai fidda mu rana. Mun auna rijiya, mun auna fangalin albasa, mun ƙiyasta kwana nawa harawa za ta ci da akuya shida. Wata rana Baturen makaranta yaz zo duba aji, yat tarar da benci ba kowa. Anka rako shi har gindin wani rumbu, ga mu ashirin muna zagaye da igiya, Malam na bisa tsani rawani ya warware. Bature yat tambayi wane shafi muke. Malam yac ce, "Ranka shi daɗe, shafin da in anka faɗi shi, a kwana da yunwa." Bature bai yi dariya ba, amma bai sake tambayar shafi ba.

Ya kasance da tambaya guda da kowa nan ya sha dukanta. Ka lissafa bakunan gida, ka raba hatsi daidai, ka kai mashi allo kana hura hanci, sai ya duba yac ce, "Ina bakin baƙo?" In ba ka sa ba, ka faɗi. Shi a wurinsa, gidan da anka lissafa ba baƙo, ba a ƙasar Hausa anka gina shi ba.

Bari in ba ku nawa labarin, tunda mai shi na zaune can gefen liman shina harara ta. Baba Yari ke nan, mahaifina.

Shekarar da sojoji sunka dawo daga Bama, na koma Tursa hutu, kaina cike da ilimi. Na iske Baba ya ga wani jan doki a Achida, barci ya gagare shi, har ya yanke shawarar fidda dami ashirin kasuwa. Ni ko na san gidanmu kwana uku muke cin dami guda, kuma kaka sai bayan wata bakwai. Sai na haye rumbu na ƙidaya, dami tamanin. Na sauko na tarar da shi zaure cikin abokansa, na daddage na ce, "Baba, in ka fidda ashirin, saura sittin, wata shida ke nan. Wata guda za mu yi muna kallon juna."

Jama'a, lissafina daidai ne. Sandar da ta biyo baya ita ma daidai ta sauka. Ɗa ya leƙa rumbun ubansa, ya kuma zo ya zazzage shi gaban maƙwabta! Ban tsaya ba sai Wurno, ƙafa ba takalmi.

Na kai ƙara ina jiran Malam shi yaba mani. Yac ce, "Amsarka ta yi, kai ne ba ka yi ba. Rumbu asirin mai gida ne. Ka ba mutum hanya, ka bar mashi amsarsa."

Washegari ya hau kekensa, ina bayansa, har Tursa. Bai tambayi Baba ko dami nawa gare shi ba. Bayan an gaisa an sha fura, sai ya cika ƙoƙo da tsakuwa yac ce, "Yari, wasa na zo in koya maka. Shiga ɗaka kai kaɗai. Ɗebi tsakuwa guda a madadin kowane dami da za ya rage in ka sayi doki. Yi gurbi bakwai a ƙasa, wata bakwai ke nan, ka zuba ma kowane abin da gidanka ka ci a wata. Abin da kag gani, kada ka gaya mani."

Baba ya daɗe ciki. Da yaf fito, bai dubi kowa ba, yac ce, "Dokin nan ma, na lura ƙafarshi ta baya ba ta da kyau." Shi ke nan maganar doki ta mutu. Har da Malam za shi tahi, Baba yac ce to ai akwai rarar goma, bari ko su a fitar. Malam ya ɗora ƙafa bisa feda yac ce, "Ina bakin baƙo?"

Daminar nan gulbi ya cika ya ci gidaje a Goronyo. Gwaggona Tani ta iso mana da ɗiya huɗu da tabarma guda. Damin nan goma su sunka kai mu sabon gero, ba wanda ya kwana da yunwa. Tun daga ranan Baba ke koya ma mutanen Tursa wasan tsakuwa, shina cewa shi yaƙ ƙago shi. Malam ya ji, yac ce a bar shi, an ci riba.

Lawwali, Hassana, ku ɗaga kai. Ubanku bai bar maku shanu ba, amma daga Dinawa har Rabah akwai gidajen da ba su san yunwar bazara ba saboda shi. Ina kewarsa ƙwarai, kuma duk sadda na tuna shi dariya ka riga hawaye zuwa.

Yanzu, Inna. Duk wanda ya yi karatu hannun Malam ya san tuwonki, don baƙon da shike sa mu lissafawa, rabin lokaci mu ne. Malam ya rasu bazara ta kama, kwana arba'in ke nan tukunyarki ba ta sauka ba, jama'a na shiga suna fita. Ba ki ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba, ba wanda ya hau tsani. Amma mijinki ya koya muna kallo. Mun san girman rumbun, mu munka auna shi. Mun ƙidaya akushin da ka fitowa zaure kullum. Mun san watannin da sunka rage kahin kaka.

Shekaranjiya mu talatin da ɗaya munka zauna da tsakuwarmu, amsa ta fito guda. Ba ni faɗinta, na ci dukan wannan tun ina saurayi. Abin da zan ce kawai, jakunan da kuke jin kukansu bayan gida ba ta'aziyya sunka zo ba. Kada ki kira shi sadaka, Inna. Aikin gida ne Malam ya bar muna, mun kawo a duba.

Har mun gama ɗaurin damman gero bisa jakunan muna yaba kanmu, sai ga Baba Yari bisa tsohon dokinsa, wanda sai bayan shekara uku da wasan tsakuwa ya saya, da dami guda a bayan sirdi. Yad dube mu, malamai talatin da ɗaya, yac ce, "Ɗiyan banza, ina bakin baƙo?" Wallahi dukanmu mun manta.

Mun gode ma uban ƙasa, mun gode ma kowa da ya tako. Ya Allah, bawanka Abdulƙadiri bai taɓa raba hatsi ya manta da baƙo ba. Yau shi ne baƙo a wurinka. Allah Ka karɓi baƙuncinsa, Ka yalwata makwancinsa, Ka kai gidansa kaka lafiya. Amin. Liman, a yi muna Fatiha.