Shirun da Muke Yi wa Labari Mai Kyau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, uwar ƙungiyar marubuta, 'yan'uwana editoci da ke layin gaba, malamanmu, iyayenmu, da ku matasan da kuka cika bayan ɗakin nan kowa da takardunsa a hannu, barkanmu da haɗuwa. Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake kafin in sauka wasu za su yi da-na-sanin gayyato ni.

An ce in bayyana yadda ake aika gajeren labari ga mujallarmu ta mako-mako. Wannan ai ba ya cin minti biyu. Na farko, kada ya wuce shafi huɗu. Na biyu, rubuta sunanka a jikin labarin, domin ambulan kwandon shara yake tafiya. Na uku, kada ka aika wa wata mujalla sai ka ji daga gare mu. A kan na ukun nan zan tsaya, domin a nan laifinmu yake, kuma ni ne babban mai laifin.

Shekara goma sha tara ina riƙe da shafin labarai, a kan tsarin da na tarar ban kuma taɓa tambayar dalilinsa ba. Labarin da bai yi ba, cikin mako guda muke mayar wa mai shi, haɗe da 'yar takardar ban-haƙuri. Wanda ya yi kuwa, sai in sa shi a aljihun teburina ya jira layi, ba ma ce wa mai shi uffan, wai fitowarsa ita ce amsa. Alhali labari ɗaya tak muke bugawa a mako. Ku duba fa, jama'a: wanda ya yi shirme muna girmama shi da amsa, wanda ya yi abin kirki muna saka masa da shiru.

Wani dattijo mai gyaran agogo ya aiko mana labari da rubutun hannu, baƙaƙen manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na ce wallahi wannan sai mako na musamman. Na jefa shi a aljihun tebur. Wata goma sha huɗu ya yi a ciki.

Da ya fito, 'yarsa ta zo ofis da mujallar a hannu. Na miƙe ina washe baki, ni a dole ga mai jiran godiya. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce idon mahaifinta ne ke mutuwa, shi ya sa baƙaƙen suka yi girma. Likita ya gaya masa saura kaɗan, sai ya zauna ya cika littattafai tara da labarai kafin ganin ya tafi. Duk ranar fitowar mujalla sai ya aike ta ta sayo. Maƙwabcinsa tela, da suka aiko mana labari tare, tun makon farko ya sami takardar haƙurinsa, har yana yi masa tsiya wai shi dai an san da zamansa. Dattijon bai gwada wata mujalla ba, saboda mu muka hana. Da shekara ta cika, ya ce rubutun da bai kai a ce masa a'a ba, bai kai a bar wa 'ya'ya ba. Ya cusa littattafan tara a murhu.

Na bi ta har gida. Na same shi zaune a tabarma, ido ya riga ya rufe. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya faɗi labaran da baki ni in rubuta. Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya ɗauko ɗaya, ya kai tsakiya, ya ɓace masa. Sai ya juyo wajen da yake jin muryata ya ce, "Malam, layi ɗaya fa. 'Mun gani, ka jira.' Da ya ishe ni."

Kunyar wannan rana da ita zan mutu.

Na koma ofis na ƙirga abin da ke cikin aljihun nan: labari sittin da uku. Na rubuta wa kowa. Wasiƙa bakwai suka dawo mini, ba a sami masu su ba.

Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwana editoci, don Allah ku buɗe naku aljihunan tun a makon nan. Ina roƙonku, ku matasa, in kun ji shiru wata uku, ku zo ku buga mana ƙofa, ku dame mu, ku hana mu sakat, amma kada ku ƙona komai.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba dattijon nan ladan haƙurinsa, ya yafe mini. Allah ya ba mu ikon amsa wa mutum tun yana iya karanta amsar da idonsa.

Na gode.