Gonar da ke cikin wayar yayana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, masu girma 'yan majalisar jami'a, shugabannin tsangayoyi da sassa, malamaina da suka koyar da ni a cikin wannan zaure, iyaye maza da iyaye mata da suka baro sana'o'insu suka zo, ɗalibai na kan kujeru da na tsaye a bakin ƙofa, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya da aka ba ni damar yin magana. A makon gobe majalisa za ta zauna a kan ɗan sashenmu na nazarin wasannin kwamfuta da na waya, ta yanke ko a bar shi, ko a rufe shi a mai da ɗakinsa ma'ajiyar karyayyun kujeru. Na ji ana tambaya a ofisoshi, na ji ana tambaya a gidaje: wai shin wasa ma sai an yi masa digiri? Tambaya ce mai kyau, kuma zan amsa ta da magana uku.

Ta farko labari ne daga gidanmu. Ina da yaya, mai gyaran firji ne, mutum mai fara'a wanda ba ya iya kwance ƙusa ba tare da ya ba mai kaya dariya ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda. A kan gadon wankin ƙoda, inda mutum ke kwance yana kallon silin, ta koyi wani wasan noma a waya. Ta share fili, ta dasa itatuwa, ta tara dabbobi, kowace dabba ta laƙaba mata sunan wani a dangi. Ni ce agwagwa, wai don surutu. Yaya kuwa wani bunsuru ne mai tsallake shinge.

Da Allah ya karɓi abarsa, sai Yaya ya ɗauki wayar. Kullum yana shago, firji a buɗe a gabansa, mai kaya yana tsaye yana jira, shi kuwa kansa a sunkuye. Kawunmu ya gaji da gani, ya ƙwace wayar ya kulle a durowa, ya ce, "Ƙato da kai, da furfura a gemu, kana wasan yara? Mutane na cewa ka zare." Yaya bai yi musu ba. Ya daina buɗe shago, ya daina cin abinci, ya daina amsa gaisuwa. Da na je na zauna kusa da shi, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Auta, bishiyoyinta za su bushe." Sai a lokacin muka gane abin da yake yi. Ban ruwa yake yi wa abin da ta dasa da hannunta.

Kawu ya mayar da wayar yana share ido. Muka ɗauka an wuce wurin. Ba a jima ba kamfanin da ya yi wasan, can wata ƙasa mai nisa, ya aiko da sanarwa cewa zai kashe wasan gaba ɗaya, domin masu yinsa sun ragu. Na rubuta musu, ɗalibaina sun rubuta musu, amsar da ta dawo ta na'ura ce, tana yi mana godiya. Muka ɗauki bidiyon gonar kusurwa-kusurwa. Yaya ya kalla ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Amma wannan ba ya jin ƙishirwa."

Ranar da za a kashe, ya zo ɗakin bincikenmu da hantsi, ya zauna tsakanin kwamfutoci, ya shayar da kowace bishiya, ya ciyar da agwagwa da bunsuru. Muna kallo hoton ya tsaya, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Ya sa wayar a aljihu, ya dube ni ya ce, "Ke da kika yi karatun abin nan, gaya mini gaskiya. Zan warke ne, ko yanzu ne zan lalace?" Jama'a, ni malama ce a wannan fanni, amma ba ni da amsa. Yau yana buɗe shago, gobe ba ya buɗewa, kuma idan wayata ta yi ƙara na ga sunan Kawu, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Magana ta biyu ita ce, yayana ba shi kaɗai ba ne. Ku duba layin asibiti, ku duba cikin motar haya, ku duba ɗakunan 'ya'yanku. Akwai wanda wasa ya riƙe shi a lokacin da babu mai riƙe shi, akwai wanda wasa ya cinye masa karatu da barci, kuma daga waje kamanninsu ɗaya ne: kai a sunkuye, yatsa yana motsi. Uba bai san wanda zai ƙwace wa waya ba, bai san wanda zai bar wa ba. Likita bai sani ba, malamin aji bai sani ba. Masu ƙera wasannin sun san lokacin da muke gajiya, sun san abin da ke dawo da mu, sun yi nazarinmu ciki da waje. Mu ne ba mu yi nazarinsu ba. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni.

Ta uku roƙo ne. Ba na cewa sashenmu ya gano amsa, domin kun ji daga bakina cewa bai gano ba. Ina cewa a duk faɗin jami'ar nan, ɗakin nan ne kaɗai ake yin tambayar. Ku tuhume mu, ku ƙure mu, ku sa mu fita unguwanni mu zauna da iyaye, amma don Allah kada ku rufe ƙofar. Idan kun rufe, wasannin ba za su bar gidajenku ba. Mu kaɗai za mu tafi.

Allah ya ba majalisa basirar yanke abin da ya fi alheri. Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zuciyar duk wanda ke ɗauke da rashin da bai iya faɗa ba. Ina roƙon ku saka yayana a addu'a. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.