Gyambon Cikin da Muka Ƙirƙira wa Lambros

Mai girma Papa Timoteyos, limamin cocinmu, mai girma magajin gari, shugaban ƙungiyar makiyaya da mutanensa, uwargida Efantiya, matar marigayi, ɗansa Sotiris, 'yarsa Uraniya, wadda ta taso tun daga Jamus tare da 'yarta, dangi da maƙwabta, da ku da kuka gangaro daga kan dutse kuka bar tumaki a hannun karnuka, ina gaishe ku. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Yau kwana arba'in da muka binne Lambros Zikos, likitan dabbobin wannan gari na Agrilofuni. An yi addu'a, an raba dafaffiyar alkama, gahawa na hannunku. Iyali sun zaɓe ni, Fotis, tsohon malamin makarantarku, na yi magana da bakin gari, domin ni ne amininsa. Ni na riƙe musu kambin aure shi da Efantiya, ni kuma na karɓi Uraniya daga ruwan baftisma, don haka 'yata ce a gaban Allah. Jiya Sotiris ya kawo mini takarda ɗauke da abin da ake so na faɗa. Tana aljihuna, rubutun ya yi kyau, kuma zan dawo kanta.

Lambros ya kasance mutum wanda ba ya tauna magana. Duk wanda ke cikin ɗakin nan yana da tabon harshen Lambros a jikinsa, wanda ya ce ba shi da shi to bai taɓa kiwon ko akuya ba. Baba Nasos, ga ka can kana sunkuyar da kai. Ka tuna ranar da ka kira shi ya duba alfadararka, wadda ka fi so a kan surukanka? Ya ɗaga leɓenta, ya taɓa cikinta, ya wanke hannu.

Ka ce, "Likita, akwai dai dama ko?"

Ya ce, "Akwai damar ka haƙa rami tun ƙasa na da laushi. Alhamis za ta mutu."

Ka ce, "Haba Lambros, ko ɗan kwantar mini da hankali ba za ka yi ba?"

Ya ce, "Wannan aikin matarka ne. Ni alfadara aka kira ni na duba."

Ranar Laraba ta mutu. Wata guda Lambros yana jin haushin kwana ɗayan da ya kuskure.

Ya kasance mutum wanda ya ceci garin nan, garin kuma bai yafe masa ba. Shekarar da tumakinmu suka fara ɓari, zazzaɓi ya shiga gidaje ta madara da cuku, kowa ya sani kuma kowa ya kama bakinsa, domin in hukuma ta ji za a yanka garke. Lambros ya tashi a shagon gahawa ya ce, "Gobe zan kai rahoto. Wanda zai ɓoye tumakinsa ya ɓoye, na san kowane kogo a dutsen nan." Ya kai. Aka yanka garke goma sha huɗu. Muka fasa masa gilashin mota, muka daina gaishe shi har hunturu biyu, na ce mu domin ni ma na taɓa tsallaka hanya don kada a gan mu tare. Yaran da suka sha madara mai tsabta bayan haka su ne yau ke zaune a nan da gemu.

Ya kasance mutum wanda bai san wurin faɗin magana ba, bai san lokacinta ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma da yana nan shi zai fara faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a filin cocin nan, ana shagalin baftismar jikarsa, 'yar Uraniya, wadda aka sa wa sunan kakarta Efantiya. Jaririyar na da wata tara. Dukanmu mun lura ba ta juyawa in an kira ta. Kakarta ta lura, ni na lura, matan layin nan sun gama maganar a bakin tanda. Muka ce a bari a gama biki. Ana cikin cin nama, dangin miji sun cika tebur, Lambros ya ɗauki murfin tukunya ya je bayan jaririyar ya sake shi a kan dutse. Kowa ya zabura, har mai busa sarewa ya tsaya. Ita ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ya ce, "Yarinyar nan kurma ce. Ku kai ta asibiti wannan makon, ba baɗi ba."

Uraniya, kin tashi kin ce, "Baba, 'yata ce fa, ba 'yar tunkiya ba."

Ya ce, "Da 'yar tunkiya ce da tuni an kawo mini ita."

Kin naɗe 'yarki kin fita, ba ki sake taka garin nan ba sai bayan da aka rufe idonsa. Kin kai ta asibiti a makon, kamar yadda ya ce, aka sa mata na'urar ji tun da wuri, ga ta nan tana jin maganata. Kin yi abin da ya ce, ba ki kuma yafe masa yadda ya ce shi ba, kuma ban ga laifinki ba. Shi ma bai kira ki ba. Taurin kai gadonku ne.

Yanzu na zo kan nawa laifin.

A watan Nuwamba aka kai shi babban asibitin birni. Kun san yadda muke yi, haka iyayenmu suka yi. Likita ba ya gaya wa mara lafiya, sai ya ja iyali zuwa baranda ya rage murya. Ya ja Efantiya da Sotiris da ni, ya ce ciwon daji ne a hanta, ya bazu, saura masa wata huɗu ko biyar. Kafin mu koma ɗakin mun gama shawara. Za a ce masa gyambon ciki ne. Sotiris ya ɓare takardun jikin kwalaben magani ya liƙa wasu. Efantiya ta koyi yin kuka a ɗakin kaji. Aka roƙi Papa Timoteyos kada ya zo gidan da kayan jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake ba mai barin duniya, domin duk wanda ya ga limami a bakin gadonsa ya san zance. Uraniya kuwa aka ce kada a gaya mata, domin in ta sauka daga mota bayan shekara goma sha ɗaya, ko jaki ne zai gane.

Garin nan kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya haɗa kai. Ban taɓa ganin mun yi wani aiki da kyau haka ba, ko gyaran hanya ko rufin coci. Mutumin da ya rame har zobensa na faɗuwa cikin miya, ya shigo shagon gahawa a ce, "A'a, Likita, ka murmure fa!" A ce, "Wannan kumatun daga ina?" Waɗanda ya yanka wa garke su suka fi kowa zaƙin baki. Na ga fuskokinku, kuma ba duka tausayi na gani ba. Wasunku daɗi kuka ji, yau ga Lambros mai sanin komai, gari duka ya san abin da bai sani ba.

Amma mutumin da ya buɗe cikin tunkiya dubu ba a yi masa wasa da hanta. Wata safiya a Janairu ya ce na raka shi garkensa na baya. Muka zauna a kan katangar dutse, rana ta ɗan fito, ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

Ya ce, "Fotis, gyambo ba ya zama a nan. Idona kuma ya yi ruwan ƙwai, na gani a madubi."

Na ce, "Maganin ne. Likita ya ce haka yake yi."

Ya ce, "Efantiya tana yi mini ƙarya tun ranar aurenmu, don ƙauna. Sotiris matsoraci ne. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini ba, shi ya sa nake jure surutunka. Ka saurara. In abin da nake zato ne, jibi zan hau mota zuwa Jamus tun ƙafafuna na ɗaukata. In gyambo ne, zan bari na yi ƙiba tukuna, na je bayan bikin Ista. Ba na so yarinyar nan ta gan ni kamar tsumma ta yafe mini don tausayi."

Na ce, "In ka je me za ka ce mata? Cewa ƙarya ka yi a kan 'yarta?"

Ya ce, "Ban yi ƙarya ba. Zan ce mata na yi kuskuren wuri. To, wanne ne?"

Jama'a, ya ba ni ƙofa a buɗe. Ya faɗa mini abin da zai yi da gaskiyar in na ba shi. Na dubi wuyansa da ya zama kamar na kaza, na tuna alkawarin da na yi wa Efantiya a baranda, na tuna yadda ake cewa wanda aka gaya wa ya kan saki jiki ya tafi da wuri. Na ce, "Gyambo ne."

Ya ce, "Rantse."

Na ce, "Na rantse da Allah."

Ya ce, "Allah ya saba da kai. Rantse da ran 'yar da ka karɓa daga ruwa."

Uraniya, na rantse da ranki.

Ya yi dariya, ya buga mini kafaɗa, ya ce ashe ya tsufa, hannunsa ya fara ɓata. Mutumin da bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ya yarda da ni a kan hannunsa. Ya rasu saura kwana goma sha biyu Ista, ba jibin Ubangiji, ba neman gafara, ba sallama da kowa.

Ga takardar Sotiris. A ciki an rubuta cewa marigayi ya cika yana kiran sunan 'yarsa, yana cewa a gaya mata ta yafe masa. Haka aka gaya miki ranar jana'iza, Uraniya, na ga kin riƙe maganar kamar mai riƙe garwashi a lokacin sanyi. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, da tsakar rana ne. Mutum ba ya neman gafarar ƙarshe sai ya san ƙarshen ne, mu kuwa mun tabbatar bai sani ba. Efantiya ta ba shi cokali biyu na miyar wake, ya ture kwanon ya ce, "Shekara arba'in da shida, har yau ba ki san gishiri ba." Ya juya bango. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Uwargida Efantiya, ki yi haƙuri, na san ba haka kika so ba. Kin yi jinyarsa da hannu biyu, ba wanda zai ƙwace miki wannan. Sotiris, zauna. Zauna, ɗana, ka ƙarasa ji, in an fita ka zage ni. Ba ku kaɗai nake tuhuma ba, bakina ne ya yi rantsuwar. Mun ce muna tausayinsa. Kanmu muka tausaya wa. Ba mu so mu zauna ɗaki ɗaya da mutumin da ya san zai mutu, domin ba mu san me za mu ce masa ba. Sai muka ɗauke wata huɗun da suka rage masa muka kashe su yadda ya fi mana sauƙi.

Uraniya, 'yata, na ƙwace miki maganar da aka ba ki, dole na ba ki abin da yake na gaske. Bai kira sunanki ba, amma ya shirya jaka. Tana ƙarƙashin gadonsa tun Janairu. Rigar coci ce a ciki, da kwalbar zuma, da wannan ƙararrawar awaki. Ya gwada fiye da talatin a kasuwar Asabar kafin ya zaɓe ta, ya ce ita ce mafi siririyar murya. Ya ce zai tsaya a bayan jikarsa ya kaɗa, ba a gaban mutane ba wannan karon, ya ga ko za ta juya.

Bari na kaɗa masa.

Kun gani. Jikarsa ta juya. Abin da ya so ya gani ke nan, tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma mu muka hana shi. Zo ki karɓa, ƙaramar Efantiya, taki ce. Uraniya, ban roƙe ki ki yafe mini ba. Ubanki ya yi miki kuskuren wuri sau ɗaya, ni na yi miki abin da ya fi haka da murmushi a fuskata.

Ina godiya ga Papa Timoteyos da ya bar ni na kai ƙarshe, ga magajin gari, ga matan da suka dafa alkama, da ku duka da kuka zo, har da waɗanda suka zo don su tabbatar an binne harshen nan da gaske.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Lambros, wanda ya zo maka ba shiri, ka ɗora laifin rashin shirin a kanmu. Ka sa shi inda ba ciwo, ba baƙin ciki, ba mai ce masa ya murmure. Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa. Tunawa da shi ta dawwama. Amin.

Saura roƙo ɗaya. Makon jiya likita ya duba ni, ya ja matata zuwa baranda. Tun ranar kowa a shagon gahawa yake ce mini na yi kumatu. Gobe da safe ina kan katangar dutsen nan ta bayan garken Lambros. Wanda ke ƙaunata ya zo ya same ni.